Inshorar jana'iza da na yi wa mahaifina a Kumasi

Shekara huɗu na yi ina biyan inshorar jana'iza da sunan mahaifina, ana cire kuɗin kowane wata daga MoMo ɗina, wato asusun kuɗina na waya, amma sai ranar da Allah Ya yi masa rasuwa na fahimci abin da na saya. Ya cika bayan sallar asuba a gidanmu na Aboabo. Kafin azahar an yi masa wanka da sutura, aka sallace shi, la'asar kuwa a gida ta same mu bayan mun dawo daga maƙabartar Tafo. Kuɗin kabari da na motar da ta ɗauki makara duk daga aljihun yayana da gudummawar maƙwabta suka fito.

Kamfanin bai ci amanata ba, wannan dole in faɗa. Sai dai sun nemi takardar shaidar mutuwa da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, kuma da yake a gida Baba ya rasu, neman takardar ya ɗauke ni kwanaki ina zirga-zirga alhali masu gaisuwa suna jirana a tabarma. Kuɗin bai shigo ba sai a mako na uku, an riga an yi sadakar uku da ta bakwai.

A ganina an tsara wannan inshora ne domin maƙwabtanmu Asante, waɗanda kan ajiye gawa a mutuware makonni ko watanni yayin da dangi ke shirin akwatin gawa da rumfuna da kujerun taron Asabar. Jiran mako uku ba ya cutar da su, amma mu mutanen zango buƙatarmu ta 'yan awoyi ce. Ga kuma faɗuwar darajar sidi: adadin da na sa hannu a kansa bai motsa ba, alhali hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022, don haka abin da aka biya ni shinkafar sadakar arba'in kawai ya saya da ɗan saura.

Wakilin kamfanin ya sake kirana kan in yi wa mahaifiyata, na ba shi haƙuri. Da na gaya mata, sai ta ce, "Ɗana, likkafanina yana cikin akwati tun dawowata daga Makka." Yanzu ni da 'yan'uwana muna tara abin da ya sawwaƙa a hannun yayanmu, inda za a iya ɗaukarsa ko da tsakar dare.