Hattara da mai tallar "sitenles na teku" a Legas

'Yan uwa masu walda da ke aiki a Lekki, Ajah da sauran unguwannin bakin teku, ku buɗe ido. Akwai wani dillali da ke tallar fayif ɗin sitenles a WhatsApp, yana rantsuwa 316 ne (nau'in sitenles mai jure gishiri), kuma wai an yi masa wankan wani ƙarfe mai ruwan gwal da gishirin teku ba ya ci. Ni dai ya ci kuɗina.

Aikin ƙarfen baranda na karɓa a wani bene mai kallon teku. Dillalin ya sauke kaya, ya zaro maganaɗisu daga aljihu ya ɗora, bai kama ba. Ya ce, "Malam, gani ya kori ji." Na biya. Damina ɗaya ba ta fita ba mai gidan ya kira ni. Tsatsa ta zubo kamar an watsa shayi, ga ramuka ƙanana kamar tsinin allura, mafi muni gefen walda inda wuta ta ƙone wankan. Na yanki guntu aka ɗora masa na'urar gwajin ƙarfe: 201 ne, nau'i mai araha.

Wasan maganaɗisun nan rufa ido ne, domin 201 da 304 da 316 duk ba sa kama shi sosai. Bambancin yana ciki. A 316 akwai molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi ke hana gishiri huda ƙarfen. A 201 babu shi, an ma rage nikel an cike da manganis don ya yi araha. Lita ɗaya ta ruwan teku kuwa tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, iska na watso shi jikin gini dare da rana. Wankan gwal ɗin bai kai kaurin gashin kai ba. Ya samu ƙarzuwa ɗaya, gishiri ya shige ƙarƙashi yana ci, sama na ta ƙyalli. Ko 316 na gaske, in zai zauna cikin ruwan teku, tsatsa na kama shi a lungunan ƙusa da mahaɗa, shi ya sa ake komawa nau'in 2205 ko 2507 da suka fi shi jure gishiri.

Kafin ku ba da ko sisi, ku nemi takardar masana'anta, ku duba lambar narki (lambar zubin da aka narka ƙarfen) da ke jikinta ta yi daidai da wadda aka buga a fayif. A ɗiga masa ruwan gwajin molibdenum a gabanku.

Dillalin kam ya toshe lambata, ya sauya hoto da suna. Barandar kuma daga aljihuna nake sakewa.