Shagon kwamfutar da ya haɗa muna takardun fanshon Yaya a Birnin Kebbi

Jama'a duk mai mara lafiya kwance a gida da ake ta turo mashi linki a WhatsApp wai a cike a samu kuɗin nakasassu na gwamnati, ya ɗan dakata tukuna. Magana nika son yi kan wani shagon kwamfuta da ke kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi, irin masu fotokofi da buga takardu da cike fom ɗin nan. Ban sa suna ba don ban nemi izinin mai shi ba.

Yayana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, bai ma kai hamsin ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye, magana sai an kasa kunne. Ga magani ga gashin ƙashi ga yara a makaranta, sai wani ejan ya ce a kawo dubu biyar da NIN da BVN ya sa sunanshi cikin masu karɓar kuɗi duk wata. Da munka je shagon a buga muna abin da ejan ɗin ya turo, mai shagon ya duba wayar, ya dube ni, ya ce "Ƙanena, maida kuɗinka aljihu, BVN ɗin Yaya kuma kada ka ba kowa." Mutum ga ciniki ya zo mashi har gida ya kore shi da kanshi, nan na fara yarda da shi wallahi.

Zama ya yi ya warware muna komai dalla-dalla. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, gaskiya ce akwai ta, ita ta kawo hukumar kula da nakasassu ta ƙasa, ta ware masu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma ana ba da takardar shaidar nakasa, amma takardar ba ta karɓar albashi ba ce. Tallafin da anka riƙa ba talakawa kuma, dubu biyar a wata lokacin Buhari da dubu 25 na wata uku da anka ƙaddamar a 2023, daga rijistar talakawa ta ƙasa ake zaƙulo sunaye, ita ko jami'ai ke shiga unguwa da ƙauye su yi ta tare da mutanen gari, ba a shagon kwamfuta ake cike ta ba. NSITF ma, hukumar da ke biyan ma'aikata diyya, mai shagon ya ce ba ta biya sai in ciwon a bakin aiki ya samo asali, dokar 2010 haka ta ce.

To mi ya rage? Fanshon Yaya na kanshi. Mu duk a gida mun ɗauka sai mutum ya cika hamsin zai taɓa asusun, ashe dokar fansho ta 2014 ta ba da dama in likita ko kwamitin likitoci sun tabbatar mutum ba ya iya aiki saboda ciwo ko nakasa, a yi mashi ritaya ta rashin lafiya ya fara cin kuɗinshi ko bai kai shekarun ba. Wannan kaɗai ya isa in yi mashi addu'a.

Wurin takardun ne na ga aikinshi da kyau. Ya jera su kan tebur, rahoton likita na asibitin gwamnati, wasiƙar ritaya daga wurin aiki, takardun albashi na ƙarshe, takardar rantsuwar shekaru, hoto fasfo, sai ya ɗora takardar NIN kusa da ta kamfanin fansho ya sa biro yana bin harufa ɗaya bayan ɗaya, can an rubuta Muhammad nan kuma Mohammed, wata da rana na haihuwa ma sun yi musanya. Ya ce "Malam, in ka kai haka za su dawo da kai, a fara gyara wannan." Mu shekara nawa takardun ga suna cikin jaka ba wanda ya lura. Wasiƙar da ya rubuta muna zuwa wurin aikin Yaya gajera ce ba surutu, kuma ya karanta wa Anti matar Yaya da Hausa kafin a buga, abin da ba kowa ke yi ba.

Sai dai fa shagon na da nashi. Matakala ce doguwa a ƙofa, keken guragu ba ya hawa, ranar da anka buƙaci hoton Yaya sai ciccibar shi munka yi ni da wani mai Keke Napep, Allah ya saka mashi. Ciki matsattse, benci ɗaya, firinta ɗaya, in anka ɗauke wuta kuma janareta sai an lallaɓa shi, ga zafin Birnin Kebbi. Yaron shagon ma garaje gare shi, ya yi sikanin rahoton likita ya yanke hatimin ƙasa, da mai gidan bai sake dubawa ba haka za a tura. Kuɗin aikin ya ɗan ɗara na maƙwabtanshi, amma shawarar duk bai karɓi ko sisi ba.

Taurari huɗu cikin biyar na ba shi. Mai zuwa ya yi sammako kafin ɗalibai masu cike fom su cika wurin, ya riƙo takardu na asali har da waɗanda yake ganin ba su da amfani, kuma ya nemi mai shagon da kanshi. Fayil ɗin Yaya yanzu yana hannun kamfanin fansho, saura maganar inshorar lafiya ta KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, da mai shagon ya ce mu je ofishinsu mu tambaya da bakinmu.