Akwatin da ke jikin bango

Yaya, gaisuwa mai yawa. Da fatan Hajiya da yara suna lafiya, ya kuma sanyin Jos?

Kun tambaye ni abin da Ingila ta fi mu da shi. Ba kayan miya ba ne dai, don tumatirinsu bai kama ƙafar na Farin Gada ba. Ganin likita ma sai an yi ta bugun waya da sassafe ana neman layi. Abin da ya tsaya mini a rai wani akwati ne, rawaya ko kore, da ake kafawa a bangon tashar jirgin ƙasa, makaranta, kanti, har da wasu masallatai a nan Birmingham. A ƙauyuka ma an mayar da tsofaffin rumfunan tarho jajaye ma'ajiyarsa. A ciki akwai na'urar farfaɗo da zuciya, AED.

Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, sai a kira 999. Mai amsa wayar zai faɗi akwati mafi kusa da lambar buɗe shi. Na'urar da kanta take magana: a liƙa faci ɗaya a ƙirji ta dama, ɗaya ƙasan hammata ta hagu, a matsa baya. Sai ta auna bugun zuciyar, in ba a buƙatar lantarki ba za ta sake shi ba. Ko mai gadi zai iya.

Amma kafin na'urar ta iso, hannu ne ke riƙe da ran. A wurin aikinmu dole aka sa mu koyon danna ƙirji, wato CPR: tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Haƙarƙari kan karye, ba a fasawa. An ce duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na iya raguwa da kashi 10 cikin 100. Tun 2020 ana koyar da wannan a makarantun sakandaren Ingila. Duk da haka, cikin mutum goma da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, da ƙyar ɗaya ke rayuwa, kada a zaci sihiri ne.

Kun ga ɗan ƙwallo Eriksen na Denmark a 2021, ya faɗi a fili, aka danna ƙirjinsa aka sa masa na'ura, ya dawo har yana taka leda. Mu kuwa Samuel Okwaraji ya faɗi a Legas a 1989, shi ke nan. Rai na Allah ne, amma an umarce mu da riƙon sababi. Yayyafa ruwa, fifita, cusa cokali a baki, sannan a naɗe mutum a Keke Napep daga Taminus zuwa asibitin koyarwa da ke Lamingo, duk mintocin nan ne muke zubarwa.

Na'urar tana da tsada, tana kaiwa wajen fam 1,000, ga batir da faci da ake sauyawa. Koyon dannar kuwa rabin yini ya isa. Don Allah Yaya, ku kai maganar gaban kwamitin masallaci, a nemo ma'aikatan jinya ko 'yan Red Cross su horar da 'yan agaji. A sa mata a ciki, don mace in ta faɗi maza kan ja da baya saboda kunya. Ku binciko kuɗin horon ku faɗa mini, zan turo kafin ƙarshen wata.