Yoga ko gashin ƙashi? Amsa ga telan da ƙugunsa ya riƙe

Wani ɗan'uwanmu, tela ne a Fagge, ya ce ƙugunsa ya haura wata uku yana ciwo. In ya daɗe a kan keke sai ya dafa teburi kafin ya miƙe. Ya sha ƙwayoyin kemis, ya sha na basir, an yi masa ƙaho, ciwon ya lafa ya dawo. Sai ya ci karo da bidiyon masu hawan igiyar teku suna yoga, wato wani salon atisayen miƙe jiki da numfashi, suna cewa da ita suka rabu da ciwon baya. Tambayarsa: ya bi yogar nan a gida, ko ya tafi asibiti gashin ƙashi?

Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ga ra'ayina tun farko: ka fara da asibiti, ka ƙare da tabarmar yoga. Wajen rage ciwo kusan kunnen doki suke, amma ɗaya zai duba bayanka kafin ya ce ka motsa, ɗayan kuwa, yadda zai zo maka ta waya, bai san kana duniya ba.

Mu fara da mutanen da ka gani a bidiyo, don a nan tarkon yake. Mai hawan igiyar teku, ko a Hawai yake ko a Tarkwa Bay ta Legas, ba a tsaye yake cinye lokacinsa ba. Tsayuwar nan da ke burge mu ta 'yan daƙiƙu ce. Yawancin lokacin a kwance yake rub da ciki a kan allo, ƙirji a ɗage, wuya a ɗage, baya a gantsare, yana tuƙi da hannu don ya isa inda igiyar take tashi. Gantsarewar ce take gajiyar da ƙugunsa. Har akwai wata larura ta laka, ba kasafai take faruwa ba, da likitoci a Hawai suka fara bayyanawa a 2004 a jikin sababbin shiga, wadda ake dangantawa da daɗewa a gantsare. Shi ya sa yogar da aka tsara musu take cike da sunkuyo, da naɗe jiki, da murɗa ƙugu, da buɗe kafaɗa: so ake a warware abin da teku ta ɗaure. Kai kuwa tun safe a sunkuye kake, kai a kan allura, ƙafa a kan feda, benci ba majingina. In ka tashi daga wannan ka je ka ƙara sunkuyo na rabin awa don ka ga wani ya yi, ka ɗauki awon wani ka yanka wa kanka riga ke nan. Direban adaidaita sahu da mai zaman shago a Kantin Kwari duk layinku ɗaya a wannan.

To wanne ya fi aiki? An gwada su gefe da gefe. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a kan mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, galibinsu masu ƙaramin ƙarfi. An raba su uku: wasu ajin yoga sau ɗaya a mako har mako 12, wasu zuwa wajen likitan gashin ƙashi har sau 15, wasu kuma aka ba su littafin kula da baya. Yoga ba ta gaza gashin ƙashi ba, wajen rage ciwo da wajen iya harkokin yau da kullum, kuma waɗannan rukunin biyu sun fi masu littafi rage shan maganin ciwo. Kafin nan, a 2011, wani binciken a jihar Washinton mai mutum 228 ya haɗa yoga da ajin miƙe jiki na yau da kullum, aka tarar babu wani bambancin kirki. Wannan na biyun ya fi ba ni sha'awa, domin yana nuna cewa amfanin yana cikin motsin da ƙarfafa tsoka, babu wani asiri a ciki. A 2017 ɗin dai ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawarar a fara da hanyoyin da ba na ƙwaya ba ga daɗaɗɗen ciwon ƙugu, ta lissafa motsa jiki da yoga a ciki. Sauƙin da ake samu matsakaici ne a ɓangarorin biyu. Duk wanda ya ce maka cikin mako guda za ka manta da ciwon, talla yake yi.

Sai dai ka lura da yogar da aka gwada. Mai laushi ce, an tsara ta musamman don masu ciwon baya, da malami a tsaye yana gyara wa kowa, kuma an tace mutanen tun farko, an cire waɗanda ciwonsu yake da wani sanadi mai haɗari. Ita ce ta yi kunnen doki da asibiti, ba ta cikin wayarka ba. A Kano kuwa malamin yoga ba sana'ar da ake tuntuɓe da ita ba ce, kuma ko a ƙasashen da ta yi yawa, shaidar da aka fi sani ta koyarwa ta awa 200 ce. Likitan fisiyo, wato likitan gashin ƙashi, sai ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a, kuma akwai hukumar tarayya mai yi musu rajista. Jami'ar Bayero tana yaye su a nan gida. Za ka same su a Asibitin Ƙashi na Dala, da na Malam Aminu Kano, da na Murtala.

Abin da dubawar take saya maka shi ne wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suke da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ita ce sanadi. Labari ne mai daɗi, don yawanci tsoka ce da gaɓɓai da yanayin zama. Amma ragowar fa? A cikinsu akwai faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya in ya turo ya danne jijiya, akwai tarin fuka na ƙashin baya wanda har yanzu ana ganinsa a ƙasar nan, akwai ciwon ƙoda da yake fakewa da sunan ciwon baya, akwai masu sikila. In ciwon yana sauka ta ƙafa har ƙasan gwiwa, ko ƙafar tana mutuwa, ko takalmi yana suɓuce maka ba ka ji ba, ko kana zazzaɓi da gumin dare da rama, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ne, to ajiye maganar yoga tukuna. In kuwa fitsari ko bayan gida ya fara ƙwace maka, ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinka ya dusashe ba ka jin taɓi, wannan na gaggawa ne, a ranar ake tafiya, ba a jira gari ya waye.

Gashin ƙashi ma yana da nasa aibin, kuma rabinsa daga wajenmu yake. Mu mun fi son a kwantar da mu, a haska mana fitila mai ɗumi, a manna mana wayoyi masu tsikari, a yi tausa, mu tashi muna sa albarka. Daɗi kam akwai, amma na ɗan lokaci ne. Abin da yake daɗewa shi ne atisayen da likitan zai ce ka je ka yi a gida, wanda yawancinmu a bakin ƙofar asibiti muke barinsa. Ga kuɗin kati da na kowane zuwa, ga kuɗin mota, ga layi, ga shago a rufe rabin yini. Tela a watan azumi, kayan sallah sun taru har rufi, ba zai jure wannan zirga-zirgar ba, kowa ya sani. Saboda haka in ka je, ka faɗa masa sana'arka da awannin da kake zama, ka roƙe shi ya koya maka abin da za ka riƙa yi da kanka, ya tsaya ya ga ka yi daidai.

A nan yoga ta sha gaba. Tabarma ce da minti 15 zuwa 20, ba kati ba layi. Tana kuma da abin da asibiti bai cika ba wa lokaci ba, wato numfashi a hankali da sakin jiki. Daɗaɗɗen ciwo yana tafiya da rashin barci da damuwa da tsoron motsi; mutum ya riƙa ɗaure bayansa kamar zai karye, tsokar ta ƙara ƙagewa. Wanda ya saba jan numfashi ta hanci a hankali, yana motsa bayan ba tare da fargaba ba, yakan sami sauƙin wannan. Haɗarinta kuma sananne ne: wasu ciwon yakan ɗan ƙaru, musamman mai gaggawar kai goshi gwiwa a makon farko.

Na san akwai abin da ba ka faɗa ba amma yana ranka. Yoga daga Indiya ta fito, kuma asalinta yana haɗe da addinin Hindu, ba a ɓoye wannan. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi ita a 2008. Majalisar malaman Indunusiya a 2009 ta hana mai ɗauke da karance-karance da sigar bauta, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasanni a 2017. Ka ga ke nan malamai ba su taru a kan magana ɗaya ba, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Ka kai wa malaminka. Abin da zan iya ce maka ta fuskar jiki shi ne, bayanka ba ya buƙatar rera wata kalma ko jerin motsin da suke kira gaisuwar rana. Binciken 2011 ɗin nan ya riga ya nuna miƙe jiki zalla ya wadatar. Yawancin motsin masu amfani ma likitan fisiyo yana koyar da kusan irinsu, da wani sunan.

In an duba ka an ce ba komai sai gajiyar zama, ga waɗanda suka fi dacewa da mai yini a sunkuye. Ka kwanta rub da ciki, ka dogara da gwiwar hannu, ka ɗaga ƙirji kaɗan, ƙugu na ƙasa, ka yi numfashi biyar ko shida. Ka yi rarrafe, ka ranƙwafa bayan sama sannan ka sake shi ƙasa, a hankali. Ka kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu ka riƙe kaɗan, wannan yana tayar da tsokar ɗuwawu da zama yake kashewa. Sai ka durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, ka tura ƙugu gaba har ka ji gaban cinya ya miƙe. Ƙa'idar ɗaya ce: jan tsoka ba laifi, amma in ciwon ya harba ƙafa ko ya ƙara sauka ƙasa, ka tsaya. Kada kuma ka yi sunkuyo mai zurfi da tashinka daga barci, musamman da hunturu, lokacin baya ya fi ƙagewa; bayan la'asar ko kafin kwanciya ya fi.

Ragowar aikin a shago yake. Duk rabin awa ka miƙe, ko guga ce ka yi a tsaye, ka dafa ƙugu ka ɗan gantsare. Ka sami kujera mai majingina, ka naɗe tawul ka sa a bayan ƙugu. In gida ba nisa, ka riƙa takawa. Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake tallarsa kuwa, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 sun ce kada a dogara da shi ga irin wannan ciwon, haka ma magungunan dangin tramadol. Diclofenac da ibuprofen suna taimakawa na 'yan kwanaki, amma shan su kullum, balle a haɗa biyu, yana jawo gyambon ciki yana kuma taɓa ƙoda. Ranar da za ka asibitin ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha, har da na gargajiyar, likitan ya gani.