Gargaɗi ga masu tara tsoffin sulalla da lambobin yabo: ku kula da mai sayen da ba ya neman ragi

Jama'a, duk mai sha'awar tara tsoffin sulalla, ko lambobin yabo na soja, ko tsabar da ake bugawa don tunawa da wani sarki ko wani biki, ya daure ya karanta wannan kafin ya sake tura wa wani ko sisi. Akwai damfarar da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp na masu wannan harka. Mu duka idonmu yana kan mai sayarwa, shi muke zargi, shi muke bincika. Ita kuwa wannan ta wajen mai saye take shigowa, shi ya sa take cin har waɗanda suka daɗe a harkar.

Ga yadda take. Ka ɗora hoton wani tsohon kwabo da ka gada, kana tambayar ko akwai wanda ya san asalinsa. Ba a jima ba sai ga saƙo ta bayan fage. Mutum ne mai ladabi, ya ce shi wakilin wani attajiri ne a ƙasar waje, ko na wani gidan gwanjo. Ya yaba kwabon, ya yi tayin da sai ka sake ƙirga sifilin. Bai nemi ragi ba, bai tambayi nauyi ba, bai ce ka ɗauko masa hoton gefe ba. Sai dai, in ji shi, akwai 'yar ƙa'ida: kuɗin rajista. Ka biya, sai kuɗin takardar tantancewa. Bayansa inshora, bayansa kwastan. Kowanne sai a rantse maka shi ne na ƙarshe. Ranar da ka ce aljihu ya bushe, ranar lambar za ta daina shiga. Abin ya yi yawa a Indiya har Babban Bankin ƙasar ya fitar da sanarwa a 2021 cewa ba ya sayen tsoffin kuɗi a hannun kowa, kuma bai wakilta kowa ya karɓi la'ada da sunansa ba.

Gidan gwanjo na gaske yana cire la'adarsa ne daga kuɗin cinikin, bayan kayan sun shiga hannunsa ya gani da ido. Wanda ya ce zai saya a hannunka amma kai ne za ka fara biyansa, ba saye ya zo yi ba.

Salo na biyu ya fi wannan dabara, kuma shi ya sa na ga ya kamata in yi wannan rubutu. Mai sayen zai ce naka ya yi masa, amma ubangidansa biyu yake so, ko kuma yana neman mai wata shekara ta musamman, in ka samo zai ninka maka kuɗinka sau da yawa. Bayan kwana biyu sai wani baƙon suna ya ɓullo a zauren yana tallar daidai abin da ake nema, wai na kakansa ne, rashin lafiya ce ta sa zai rabu da shi, kuma akwai wani da ke jira in ba ka biya yau ba. Kai kuma kana ganin ka riga kowa sanin sirrin. Ka saya, ka koma wajen mai sayen, shiru. Mutum ɗaya ne da waya biyu. Cinikin biri a sama ke nan, ka biya kuɗi a kan alkawarin wanda ba ka taɓa gani ba.

To me suke sayarwa? Kayan kaɗan ne, su ne dai suke ta maimaituwa.

Na farko tala, wato babbar tsabar azurfa, ta Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780. Za a ce maka ka duba da kanka, ta haura shekara 240. Gaskiyar ita ce sarauniyar ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, domin 'yan kasuwar Larabawa da Habasha ita suka sani, ita suka yarda da ita. An buga ta a Biyana, an buga a Landan, Paris, Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ana bugawa. Ko ta gaske ce, yawanci darajarta ba ta wuce ta azurfar jikinta da ɗan abin da ba a rasa ba. Nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Waɗanda 'yan damfara ke turowa sau da yawa ko azurfar ma babu.

Sai dalar Amurka ta 1804. Guda 16 kacal aka sani a duniya, kowace an san inda take da hannayen da ta bi. Abin dariyar ma, ba a 1804 aka buga su ba, an fara ne a wajajen 1834 don kyauta ga sarakuna irin na Siyam da na Maskat. Wanda ya ce ya tsinci ta goma sha bakwai a akwatin kakarsa, ka yi masa fatan alheri ka wuce. Haka tsohuwar dalar Morgan: an buga ta daga 1878 zuwa 1904, sai kuma 1921. In ka ga mai 1906, an gama magana. Wadda ta fi wahalar ganewa ita ce ta gaske da aka yi wa ƙari, misali a ɗauki ta 1893 a manna mata harafin S na San Faransisko, saboda guda 100,000 kawai aka buga a can a shekarar, tsadarta kuma ta yi wa sauran nisa.

Akwai kuma 'yan ƙarafan tagulla masu kama da tsabar zinariyar da ake kira gini ta Sarki Joji na Uku na Ingila. Waɗannan tun asali ba kuɗi ba ne. Maƙeran Bamingam ne suka riƙa buga su a ƙarni na 19 don masu wasan karta su riƙa ƙirga ci da su, wasu ma an rubuta a jikinsu cewa don tunawa da zamanin daɗi na da. Suna da tarihi, suna da daɗin tarawa, ni ina ganin kyansu ya fi na tsabar tunawa da yawa da ake bugawa yanzu. Amma tagulla ce. Haka ƙarafan da ke ɗauke da sunan Kamfanin Gabashin Indiya da shekarar 1616 ko 1818 tare da hotunan gumaka, waɗanda ake cewa wai suna jan ƙwayar hatsi ko suna da wani sinadari da masu binciken sararin samaniya ke nema ruwa a jallo. Kamfanin bai buga su ba, kuma babu ƙarfen da ke wannan aikin.

Sa'ar da muke da ita ita ce ƙarfe yana aunuwa. Ƙaramin sikeli mai nuna ɗigon giram, ma'aunin faɗi, maganaɗisu mai ƙarfi da gilashin ƙara girma sun isa su kori mafi yawan jabu. Dalar Morgan giram 26.73 ce, faɗinta milimita 38.1. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98. Azurfa ta fi jan ƙarfe nauyi, don haka mai jabu dole ya zaɓa: ko nauyi ya gaza, ko kauri ya wuce kima. Azurfa, zinariya da jan ƙarfe ba sa manne wa maganaɗisu, saboda haka in ta manne, ƙarya ta ƙare. Amma rashin mannewa ba shaida ba ce, tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa ita ma ba ta mannewa. A zinariya kuma a yi hattara da wani ƙarfe da ake kira tangistin, domin nauyinsu kusan ɗaya ne, sikeli kaɗai ba zai raba su ba.

Sannan ka duba gefe, inda masu talla ba sa son ɗauka a hoto. Kuɗin gaske buga shi ake yi da hatimin ƙarfe, haruffa su fito da kaifi. Jabu da yawa zubi ne: fuska ta yi dishi-dishi, da 'yan ramuka kamar na ƙyanda, wani lokaci da siririn layi a gefe inda bakin mazubin ya haɗu. In an nuna maka guda uku kuma dukansu suna da ƙarzuwa iri ɗaya a wuri ɗaya, daga uwa ɗaya aka kwafo su.

Lambobin yabo suna da tasu matsalar, domin a nan suna ake saye, ba ƙarfe ba. Lambobin da Birtaniya ta bayar na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna da sunan soja da lambarsa da rundunarsa a buge a gefe ko a baya. Ɗan damfara zai samo ta sojan da ba a san shi ba, ya goge sunan, ya sa na wanda ya yi fice ko ya mutu a wani sanannen fage. Wurin da aka goge yakan yi siranta, haruffan kuma ba sa zama a layi ɗaya. Taurarin Yaƙi na Biyu kuwa yawancinsu ba suna aka raba su, don haka labarin da aka liƙa musu ba shi da madogara sai da takardun sojan. Ita kuwa Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya, tun kafa ta a 1856 waɗanda aka bayar ba su kai 1,400 ba. Ba a tallarta ta saƙon waya.

Kada kuma robar tantancewa ta ruɗe ka. Kamfanonin tantance tsaba na Amurka, PCGS da NGC, waɗanda suka fara aiki a 1986 da 1987, suna rufe tsaba a roba da lamba da maki daga 1 zuwa 70, amma robar ma ana yin jabunta, har a kwafi lambar gaske a manna. Shigar da lambar a shafin kamfanin bai isa ba, sai ka gwada hoton da ke can da abin da ke gabanka, tabo da tabo. Dokar Amurka ta 1973 ta wajabta a buga kalmar COPY a jikin kwaikwayo, sai dai mai niyyar cuta ba zai buga ba, wani ma gogewa yake yi. Takardar shaida mai zanen zinariya da ke biyo tsabar tunawa kuwa, wanda ya sayar maka shi ya buga ta a firinta.

Wanda ya riga ya faɗa, ya daina biya nan take, ko da an ce saura mataki ɗaya kuɗinsa su fito. Ya adana hotunan hirar da rasit da lambar asusun, ya sanar da bankinsa da gaggawa, ya kai ƙara ga hukuma, ya kuma faɗa wa masu kula da zauren don su cire mutumin. Kada ya wanke tsabarsa ko ya goge ta don wai ta yi kyau, wanki yana karya darajar ta gaske. Ya kuma yi hattara da kira na gaba: wani zai bugo ya ce shi lauya ne ko jami'in da ke ƙwato wa mutane kuɗinsu, sai dai a fara biyan kuɗin buɗe fayil. Su ne dai suka dawo da sabon layi.