Dare Shida Ina Sauraren Labarin Wani Barden Ingila

Ƙawata ce ta matsa mini sai na saye shi. Littafin saurare ne na Turanci, wajen awa 11, a wata manhaja ta waya. Ni da littattafanmu na soyayya na saba tun ina budurwa, shi ya sa ban zaci labarin barade na shekaru 800 da suka wuce zai riƙe ni ba. Sai ga shi dare shida ina guga ina saurare, har na kusa ƙona hijabin 'yata.

Wani barde ne ya dawo gida bayan yaƙin da Sarki Richard na Ingila ya gwabza da Salahuddin Ayyubi, wanda aka ƙare da sulhu a 1192. Ya tarar an kashe yayansa, an ƙwace gandun gidansu, budurwarsa kuma an ba wanda ya yi kisan. Sarkin da zai kai wa ƙara ba ya nan, an kama shi a Ostiriya a hanyar dawowa, ba a sake shi ba sai 1194 bayan an biya fansa mai yawa.

Ramuwar gayyar ce ta ja ni, amma yarinyar ce ta zauna mini a rai. Mahaifinta ya rasu ba ɗa namiji, ya bar mata ƙasa. A dokar lokacin sarki ne waliyyin irin wannan magajiya, kuma mai kuɗi kan sayi izinin aurenta, ya haɗa da gonakin. Akwai wurin da take tsaye a rumbu, makullai rataye a ƙugunta, tana ƙirga buhunan alkama ko za su kai ƙarshen hunturu, a zaure kuma maza na cinikin aurenta. Nan na ajiye dutsen guga na zauna. Mai karatun ma ta iya, muryarta ta yi ƙasa kamar mai tsoron a ji ta.

Abu biyu suka ɓata mini rai. An sa wa barden rigar faffaɗan ƙarfe tun daga kai har ƙafa, alhali irin wannan sai a ƙarni na 14 ta fara bazuwa. Mayaƙan zamanin Richard sulke suke sawa, zobba a sarƙe da juna, da riga mai kauri a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan Sallah a Kano ya san abin da nake nufi. Na biyun ya fi yi mini ciwo: Musulmin cikin labarin ba su da suna ba su da magana, sai dai a ce sun taho kamar fara. Salahuddin, mutumin da ya karɓi Ƙudus a 1187, sannan ya bar Kirista masu ziyara su shiga, ya wuce a ambace shi a jimla biyu.

Manhajar ba laifi, in an sauke littafin sau ɗaya ba sai da data ba. Amma a sa abin kunne, don akwai babi biyu da ba na gaban yara ba ne, ni ma tsallake su na yi.

Ƙarshen an yi shi da gaggawa, sara uku mugun ya faɗi. Na fi son a ce yarinyar ce ta tona asirinsa a gaban alƙalan sarki, tunda ita ta ɓoye wata wasiƙa mai fallasa shi tun babi na huɗu.