Ajin hirar Turanci da 'yan Romaniya a Unguwar Sarki: abin da yake gyarawa da inda ya gaza

Ajin yana zama sau uku a mako, daga ƙarfe 4:30 bayan La'asar zuwa 6:00, a wani ɗakin bene a Unguwar Sarki, Kaduna, kuma mutum 12 ne iyakar kowane rukuni. Minti 20 na farko malam ke ba da batun ranar da kalmomi goma. Daga nan kowa ya sa abin kunne ya hau kiran bidiyo na minti 40 da abokin hira ɗaya daga Romaniya, wanda shi ma Turancin yake koyo. Rabin awan da ya rage na gyaran kurakurai ne.

Mutane da yawa suna jin tsarin sai su ce, in dai kuɗi za a biya, ai gara a haɗa su da ɗan Ingila. A ganinmu nan ne ma ajin ya yi dabara. Wanda ya gama sakandare a Kaduna ya shekara 12 yana zaman aji, ya ci jarrabawar Turanci, yana karanta jarida. Kalmomi suna nan a kansa. Idon jama'a ne ya ɗaure masa harshe: in ya yi kuskure a majalisa a kwashe da dariya, in kuma ya iya a ce iyayi yake yi. Da haka yaro yake koyon yin shiru, har shirun ya zama kamar halinsa. A gaban ɗan Bukares ko Kuluj, biranen Romaniya, da shi ma yake laluben kalma, wanda bai san gidanku ba balle ya kai labari, kunyar nan ba ta da wurin zama.

Su kuma nasu yanayin daban ya gina su. A Romaniya ana nuna finafinan ƙetare da muryarsu ta asali, fassara a rubuce a ƙasan allo, ban da na yara, don haka kunnensu ya saba da Turanci tun suna ƙanana. Gwamnatin kwaminisanci ta faɗi a Disamban 1989, ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007, miliyoyi suka fita neman aiki Italiya, Sifaniya, Jamus da Ingila. Wanda ya taso a gidan da kawu ko yaya ke ci da baƙon harshe ba ya ɗaukar kuskure abin kunya. Yana faɗa, a gyara masa, ya wuce. Ɗalibanmu suna kwaikwayon wannan hali fiye da yadda suke kwaikwayon lafazi.

A wajen furuci, harsunan biyu suna cike wa juna giɓi. Bahaushe yana cakuɗa p da f, ɗan Romaniya kuwa yana da su duka a harshensa, nan take kunnensa ke kama wanda ya ce fan alhali pan yake nufi. Shi kuma harshensa bai bambanta dogon wasali da gajere ba, sai ship da sheep su fito masa iri ɗaya, abin da bai kamata ya wahalar da mai bambanta fari na launi da fari na ɗan fari ba. Akwai kamanni mai daɗi a nahawu: su ma a ƙarshen suna suke liƙa alamar sanayya, om ya koma omul, kamar yadda muke mayar da gida gidan, mota motar. Malamin yana amfani da wannan sosai wajen bayanin the, kuma yana shiga.

Wuri na farko da ajin ya gaza shi ne sautin th. Babu shi a Hausa, babu shi a harshen Romaniya, sai su biyun su yi ta cewa tink ko sink babu mai gyara wani. Dole malam ya ware minti biyar kullum: a sa kan harshe tsakanin haƙora, a hura iska, a duba a madubi. Yanzu ba a yin haka.

Na biyu ya fi damunmu. A rabin awan gyara ana komawa zama ɗaya, kuma al'adar waje tana biyo mutane cikin ɗakin. In akwai Alhaji ko Hajiya a rukunin, samari da 'yan mata sai su sunkuyar da kai, ba mai yarda ya gyara wa babba, malam ma da “ranka ya daɗe” yake lallaɓawa ya bar kuskuren ya wuce. Ladabi ne mai kyau, amma a nan yana cinye abin da aka samu a minti 40 na baya. Maganinsa a raba rukuni bisa shekaru, ko a rubuta kurakuran a allo ba tare da sunan mai su ba.

A lura da agogo. Romaniya tana gabanmu da awa ɗaya, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tazarar takan koma awa biyu saboda suna tura agogonsu gaba. A makon canjin ne ake samun wanda ya zauna yana jiran abokin hirar da bai zo ba, don haka a tabbatar da lokaci tun kwana ɗaya kafin ranar. Ɗakin yana da sola, wuta ba ta yankewa, sai dai kira 12 a lokaci guda yana yi wa intanet ɗin nauyi. Wanda ya ga murya tana sarƙewa ya kashe bidiyo ya bar sauti. A zo da abin kunne mai waya, na bulutut yana kawo jinkirin murya.

Ajin ya dace da mai shirin intabiyu, ko ɗalibin da zai tafi karatun likita a Romaniya, inda jami'o'i da dama ke koyarwa da Turanci. Wanda bai iya haɗa jimla ba tukuna ya fara da ajin nahawu na wata uku, domin minti 40 na hira zai yi masa tsawo.